Gonar Wa Kake Nomawa? Soja, Man Fetur da Dokar Filaye ta 1978

Akwai wata tambaya wadda ba ta rasa tasowa duk sa'ad da wakilan ƙungiyoyinmu na gama kai suka taru a nan Sabon Gari. Wani zai miƙe ya ce an ga masu safiyo a bayan garinsu, sun ja awo, sun kafa turaku, sun shiga mota sun tafi ba su ce wa kowa kome ba. Wani ya amsa ya ce, ai gonar nan tun kakan kakansa ake nomanta, wa ya isa ya karɓe ta? Daga nan sai gardama ta kaure, da masu cewa Gwamnati ba ta da wannan iko, da masu cewa ai ƙasa duka ta Gwamna ce. Abin baƙin ciki, 'yan'uwa, na biyun sun fi kusa da gaskiya. Amma ba su faɗi gaskiyar duka ba, abin da suka rage kuwa shi ya fi amfani ga manomi.

Dokar da ke mulkin gonarka yau sunanta Dokar Amfani da Filaye. Ba majalisa ce ta yi ta ba. Gwamnatin soja ce ta kafa ta ran 29 ga Maris 1978, a zamanin da kuɗin man fetur ke kwarara cikin baitulmalin Ikko kamar ruwan Agusta. Mai karatu zai ce, ina ruwan manomin gero na Gezawa, ko mai lambun latas na Kwakwaci, da man fetur, tun da ba a haƙo mai a ƙasar Kano? To, sai mu koma baya kaɗan.

Zamanin gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, nan da nan kuwa cinikin gyaɗa ya buɗe. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari a bayan ganuwa, kusa da Fagge, domin ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da 'yan kasuwa waɗanda suka zo daga Kudu, da Gwalkwas, da Saliyo. Tun 1910 Turawa sun riga sun yi doka cewa ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Watau abin da soja suka yi a 1978 ba baƙo ba ne a wurinmu. Daga Arewa aka ɗauki samfurin, aka shimfiɗa wa Nijeriya duka.

Sai dai a ƙauye dokar Turawan nan ba ta taɓa mutane ƙwarai ba. Mutum ya gāji gona, ko ya saya, ko ya karɓi aro ko jingina, ko ya sari daji da iznin dagaci, shaidunsa kuwa maƙwabtan gona ne da mai unguwa. A wurare irin Sabon Gari ne aka san takarda, gama a nan fuloti haya ce ta shekaru ƙididdigaggu. Dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 kuma ta raba mutane kashi biyu, da ɗan asalin Arewa da wanda ba ɗan asali ba. Na biyun ba shi riƙe fili sai da yardar Minista, ko da a Sabon Gari aka yanke masa cibi.

Me ya sa Gwamnati ba ta cika taɓa gonakin talakawa a lokacin ba? Ba don tausayi ba ne. Dalili shi ne daga gonar take ci. Dalar gyaɗar da aka tara a Kano, da auduga, da haraji da jangali, su ne suka biya albashi, suka gina makarantu da hanyoyi. Gaskiya ne Hukumar Ciniki ta riƙa sayen gyaɗa da arha ta sayar da tsada a Ingila, manomi ya sha cuta a wannan wajen. Amma wanda ke jiran nonon saniya ba ya korarta daga makiyaya. Muddin gyaɗa ce arzikin hukuma, zaman manomi a gonarsa riba ce ga hukuma.

Yaƙi, da dokar mai ta 1969

A 1956 kamfanin Shell-BP ya sami mai a Oloibiri, can cikin fadamun bakin teku, a 1958 aka fara fitar da shi waje. Shekara takwas bayan haka soja suka karɓi mulki, ran 15 ga Janairu 1966. Abin da ya biyo baya ba sai an tuna wa mutanen Sabon Gari ba. Kashe-kashen watan Mayu da na Satumba da Oktoba na shekarar nan sun bar unguwar nan kango, dubban mutane suka hau jirgi suka nufi Gabas da abin da hannu zai iya ɗauka.

Kada kowa ya gaya maka mai kaɗai ya haddasa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Jinin da aka zubar a 1966, da tsoro, da rashin yarda, su ne a gaba. Amma mai yana cikin lissafin kowane ɓangare. Yawancin rijiyoyin suna cikin Jihar Gabas wadda ta ɓalle, kuma tun cikin Yuli 1967, watan da aka fara harbe-harbe, sojan Tarayya suka sauka ta ruwa suka kama Bonny, tashar da ake loda wa jiragen ruwa mai. Ana cikin yaƙin, a 1969, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da Dokar Man Fetur, wadda ta ce duk man da ke ƙarƙashin ƙasa ko ƙarƙashin ruwan Nijeriya na Gwamnatin Tarayya ne. A lokacin samun mulkin kai, yankin da aka haƙo ma'adini a cikinsa yakan sami rabin kuɗin haya da la'adar haƙar. Sai aka yi ta rage rabon nan, har a shekarun 1980 ya koma kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Tsarin mulki na 1999 ne ya ɗaga shi zuwa kashi 13.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa a nan, ko da ya ɗan kauce hanya. Da yaƙi ya ƙare, mutanen Gabas da yawa da suka komo Kano sun sami gidajensu, waɗansu har da kuɗin hayar da aka tara musu. A Fatakwal kuwa, birnin mai, aka sa wa irin gidajen nan suna dukiyar da aka yasar, masu su da yawa ba su ƙara shiga cikinsu ba.

Kuɗin mai sun iso Kano

A 1971 Nijeriya ta shiga ƙungiyar ƙasashe masu sayar da mai, watau OPEC. A Oktoba 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya, ƙasashen Larabawa suka rage sayar da mai, cikin 'yan watanni farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12. A daidai wannan lokaci fari ya ci Arewa daga 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da ya saura. Dalar gyaɗa ta ɓace. Ƙarin albashin Udoji ya jawo samari daga gona zuwa birni, jiragen ruwa suka riƙa sauke shinkafa da alkama a Ikko.

A nan al'amarin ya juya. Gwamnati ta daina bukatar abin da manomi ke nomawa, gama mai ya ɗauke mata wannan nauyi. Abin da take bukata yanzu shi ne wurin da manomin ke tsaye. Ana son fili domin barikin soja, da filin jirgin sama, da jami'o'i, da masana'antu irin na Sharaɗa da Challawa, da gidajen ma'aikata, da sabon babban birni a Abuja wanda aka yanke shawararsa a 1976, da manyan madatsun ruwa.

Mu a Kano namu rabon shi ne ruwa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974, aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ba za mu yi butulci ba. Tumatir da shinkafa da albasa da ke cika kasuwar 'Yan Kaba da 'Yan Kura da rani, da yawansu ruwan Tiga ne ya shayar da su, kuma mutane da yawa sun yi arziki da noman ranin nan. Amma dubban mutane aka tasa daga inda tafkin ya kwanta, an kuma rushe iyakokin gonaki aka sake yanka su yadda injiniya ya ga dama. Can ƙasa kuwa, wajen Haɗeja da Nguru, ambaliyar da ke jiƙa fadamu kowace shekara ta ragu, masu shinkafa da masunta da makiyaya suka ji a jikinsu. Ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba kafin a fara.

Abin da dokar 1978 ta ce

Da ayyuka suka yi yawa, sai hukuma ta ga sayen fili yana cinye mata kuɗi da lokaci, musamman a Kudu inda iyalai da sarakuna ke riƙe da ƙasa, ga kuma 'yan baranda masu saye su ɓoye har farashi ya tashi. A 1977 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Chike Idigbe. Mafi yawan 'yan kwamitin ba su goyi bayan a mai da ƙasa duka hannun hukuma ba. Gwamnati ta bar ra'ayin masu rinjaye ta ɗauki na marasa rinjaye. Mulkin soja ke nan, babu majalisar da za ta ce a dakata.

Sashe na farko na dokar ya ce, duk ƙasar da ke cikin Jiha tana hannun Gwamnan Jihar, amana ce yake riƙe da ita domin amfanin dukan 'yan Nijeriya. A lura da kalmar nan, dukan 'yan Nijeriya. A kan takarda dai ta kawar da bambancin ɗan asali da baƙo na dokar 1962, wannan kuwa alheri ne ga mazauna Sabon Gari, ko da yake a aikace kowa ya san har yanzu akan tambayi mutum daga ina ubansa ya fito.

Daga ranar nan babu mai mallakar ƙasa ita kanta. Abin da mutum ke da shi shi ne haƙƙin zama da amfani. A cikin birni Gwamna ke ba da shi, ya ba da satifiket, galibi na shekara 99 in gidan zama ne. A karkara Ƙaramar Hukuma ke bayarwa, amma ba ta wuce hekta 500 domin noma ko hekta 5,000 domin kiwo sai da yardar Gwamna. Hekta ɗaya wajen eka biyu da rabi ce. Sai mai karatu ya tambayi kansa, wane manomi ne a ƙasar Kano, inda magidanci ke fama da 'yan ekoki, aka yi wa tanadin hekta 500? Wannan ƙofa ce aka buɗe wa kamfanoni da manyan ma'aikata da hafsoshi masu ritaya, sun kuwa shiga ta cikinta.

Ga abin da masu cewa ƙasa duka ta Gwamna ce suke mantawa. Sashe na 36 ya ce, wanda ke noma gona a karkara kafin dokar ta fito zai ci gaba da riƙonta kamar dai Ƙaramar Hukuma ta riga ta ba shi haƙƙin. Watau rashin takarda bai mai da kai ɗan kama-wuri-zauna ba. Haƙƙinka yana nan, doka ta san da shi. Sashen ya kuma ba ka dama ka kai zanen gonar ga Ƙaramar Hukuma a rubuta sunanka.

Amma Gwamna yana da ikon soke wannan haƙƙi, bisa ga sashe na 28, in akwai bukatar jama'a wadda ta rinjaya. Cikin abubuwan da aka lissafa da suna har da haƙar ma'adinai da shimfiɗa bututun mai. Ka ga inda dokar 1969 da ta 1978 suka haɗu. Ta farko ta ɗauke abin da ke ƙarƙashin gona, ta biyu ta sauƙaƙe ɗauke gonar kanta. A da kamfanin mai sai ya zauna da masu ƙasa a yi ciniki. Yanzu da hukuma yake magana.

Maganar diyya ita ce ta fi ciwo. Ba a biyan kuɗin ƙasa, tun da an ce ba taka ba ce. Abin da ake biya shi ne abin da ka ɗora a kanta wanda bai ƙare ba: gini, rijiya, shinge, magudanar ruwa, itatuwa masu amfani, da amfanin gonar da ke tsaye, shi ma a kan farashin da jami'in Gwamnati ya ƙayyade. Ka tuna da manomin kewayen Kano, wanda shi da ubansa da kakansa suka yi ta kai taki daga birni a kan jakuna, mangala bayan mangala, har ƙasar ta zama ana nomanta kowace shekara ba hutu. Wannan wahala duka ba ta cikin lissafi. Gonar da aka bari saura ba ta da diyya. Bafillacen da aka toshe wa burtali kuwa ba shi da ko kara ɗaya da za a ƙirga masa. Dokar ma ta ce kotu ba ta da ikon duba ko diyyar ta isa ko ba ta isa ba, sai dai a 1986 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'a daga Jihar Kaduna, ta ce wannan hani ya saɓa wa tsarin mulki.

Kafin soja su miƙa mulki a 1979 sai suka cusa dokar cikin tsarin mulki, aka sake yin haka a 1999. Saboda haka ba a gyara ta sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da kuma yardar majalisun jihohi 24. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa kwamitin gyara a 2009 a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma ya rasu a 2010, dokar kuwa ba ta motsa ba. Gwamnonin farar hula sun gāji ikon da aka yanka wa gwamnonin soja, ba mu kuwa ga wanda ke ɗokin ajiye shi ba.

Bakolori

Wanda ke son ya ga abin da kan faru in kuɗin mai da ƙarfin bindiga suka haɗu a kan gonar talaka, ba sai ya je nesa ba. Bakolori tana kusa da Talata Mafara, a lokacin cikin Jihar Sakkwato, yanzu cikin Zamfara. Daga 1974 zuwa 1978 aka gina madatsa a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi kwangilar. Tafkin ya tashi mutum wajen 13,000 daga gidajensu da fadamunsu, aka kai su tudu inda ƙasa ba ta da ƙarfi. Su kuma waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani, aka ce su dakata da shuka har katafila ta gama baje ƙasa. Aka sare ɗorawa da kaɗanya da sauran itatuwa. Damina ta wuce, wata ta wuce, waɗansu ba su koma gona ba. Diyya ta yi ta jinkiri, wadda ta fito kuma aka yi ta kukan cewa sunayen da ke kan takarda ba na masu gonakin ba ne.

Manoman sun kai kuka wurin sarakuna, sun kai wurin hukumar aikin, waɗansu sun je kotu. Da abin ya ƙi, daga ƙarshen 1979 sai suka datse hanyoyin shiga wurin aikin, suka hana motocin kamfani wucewa. A ƙarshen Afrilu 1980 aka aiko da 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta, aka ƙone ƙauyuka, har da Birnin Tudu. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba. Malaman jami'a da suka bi sawun al'amarin sun ce ɗaruruwa ne, waɗansu sun kai lissafin sama da 380.

A lura, ranar da aka yi harbin nan ba soja ke mulki ba. Alhaji Shehu Shagari ne Shugaban Ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa ne Gwamnan Sakkwato, dukansu zaɓaɓɓu ne. Soja ne suka tsara aikin suka ba da kwangilar, farar hula suka tarar da shi suka kare shi da bindiga. Manoman kuwa ba ruwa suka ƙi ba. Sun nemi a biya su ne, a kuma mayar musu da gonakinsu.

A ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas, inda man yake da kansa, abin ya fi haka tsawo. A Afrilu 1993 'yan kwangila masu shimfiɗa bututu suka bi ta kan shukar mutane a Biara da rakiyar soja, manoma suka fito, aka harbe su. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta girke runduna ta musamman a yankin, ran 10 ga Nuwamba 1995 kuma aka rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da mutum takwas bayan shari'ar kotun musamman wadda duniya ta yi tir da ita. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasa da ruwan Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Haka aka yi a kudancin Sudan wajen Bentiyu a ƙarshen shekarun 1990, inda soja da mayaƙan sa-kai suka kori ƙauyuka daga kewayen rijiyoyin mai.

Bututu a bakin ƙofa

Zancen nan ya daina zama na mutanen bakin teku kaɗai. Tun zamanin da aka buɗe matatar Kaduna a 1980 akwai bututun da ya ratsa gonaki ta Zariya har daffon Hotoro. A Yuni 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajakuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, tsawon kilomita 614. A 2019 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya buɗe aikin. Dokar masana'antar mai ta 2021 ta ce kamfanin da ke haƙa zai zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin da ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata cikin asusun garuruwan da ke wurin. Amma ta ƙara da cewa in an fasa kayan aiki a yankinku, daga asusun nan za a cire kuɗin gyara. A batun mallakar ƙasa kuwa ba ta sauya kome ba.

Duk da haka, ga yawancin ƙungiyoyinmu ba bututu ne zai fara zuwa ba, birni ne. Gwamna yana da ikon shelar cewa wuri kaza ya zama birni, daga ranar kuwa ikon Ƙaramar Hukuma a kan filin ya ƙare. Mutanen Ungogo da Kumbotso da Dawakin Kudu sun ga yadda gonakin dawa suka zama fulotai cikin 'yan shekaru. Masu lambu a bakin Jakara, waɗanda da yawansu aro ko haya suke nomawa, su ne suka fi kowa zama a kan siraɗi.

To, me ƙungiya za ta yi? Kotun Ƙoli ta nuna a 1991 cewa sokewar da aka yi ba tare da an ba mai haƙƙi sanarwa ba banza ce, haka kuma karɓe filin wani domin kawai a ba wani ɗan kasuwa ba bukatar jama'a ba ce. Saboda haka turke ba sanarwa ba ne, maganar bakin dagaci ma ba sanarwa ba ce. In an zo awo, a tambaya da ladabi wace ma'aikata ce, domin wane aiki, ina takardar sokewa, wa ya sa hannu. Sakataren ƙungiya ya rubuta rana da lambar mota.

Tun kafin wannan rana ta zo, kowace ƙungiya ta sayi babban littafi guda. A shiga gonakin membobi ɗaya ɗaya da rani, a rubuta maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, a rubuta yadda gonar ta zo hannu, gado ko saye ko aro ko jingina, mai unguwa da maƙwabtan su sa hannu. A ƙirga itatuwa da sunansu, ɗorawa nawa, kuka nawa, tsamiya, mangwaro, giginya, a ɗauki hotonsu da waya. Ranar ƙidayar diyya abin da aka rubuta shi ake biya, a Bakolori kuwa mun ga abin da ya faru da aka bar rubutun a hannun waɗansu. In gona aro ce, mai ita da mai nomanta su shirya tun yanzu a rubuce, wa zai karɓi kuɗin shuka, wa zai karɓi na itatuwa. Kada a manta da gayaunar mata da gonakin gwauraye da marayu, gama su aka fi tsallakewa, sai a rubuta sunan ƙanen miji a maimakonsu.

Akwai kuskure ɗaya da muke yawan gani a ikilisiyoyinmu. Ƙungiya ta tara kuɗi ta sayi gona, ko ikilisiya ta sami fili, sai a rubuta da sunan dattijo guda domin an amince da shi. Amana kuwa yana da ita. Amma ran da ya rasu, magadansa suka tarar da takarda da sunan ubansu, sai rigima. Ƙungiyar gama kai wadda ta yi rajista da Gwamnatin Jiha tana iya riƙe fili da sunanta, to, a yi haka. A kuma sani, sayarwa ko jinginar da fili mai satifiket ba su cika a idon doka sai da yardar Gwamna. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 1989, har ga filayen birni da aka riƙe tun kafin dokar.

In diyya ta gari ce gaba ɗaya, kamar ta makiyaya ko kurmi ko tafki, dokar ta bar wa Gwamna ya zaɓa: ya biya jama'a, ko ya ba shugabansu ya sarrafa dominsu, ko ya zuba cikin wani asusu. Tun da zaɓin yana hannunsa, sai jama'a su riga kowa rubuta masa wanda suke so, da sa hannun magidanta, su ajiye kwafi mai hatimin ofishin da ya karɓa. Wanda gonarsa ke karkara ya fara da ofishin filaye na Ƙaramar Hukumarsa. Wanda tasa ta riga ta shiga birni kuwa, sai Ma'aikatar Filaye ta Jiha da ofishin KANGIS a Kano. Kuɗin safiyo yana da nauyi ga mutum ɗaya, amma in gonaki ashirin suna jere, mai awo ɗaya zai iya gama su a fita guda, a raba kuɗin bayan an sayar da amfanin kaka.